Makcik Sepiah, Wadda Ta Gyara Mana Taswira

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Rajab, Allah ya karɓi ran Sepiah binti Deraman ta ƙauyen Alor Temiang, wadda muke kira Makcik, wato gwaggo, tana da shekara tamanin da ɗaya. Maƙwabciyarta ce ta lura har rana ta take tsaka ba a buɗe taga ba, ta hau ta duba, ta iske rai ya yi halinsa.

Ni labarin bai same ni ba sai ranar Juma'a. Na zo gaishe ki kamar yadda na saba, Makcik, na tarar da kwaɗo a ƙofa, takalmanki na roba suna ajiye a gindin matakala. Limamin ƙauyen ne ya hango ni, ya tako a hankali ya ce, "Razlan, ashe ba wanda ya kira ka?" Ba wanda ya kira ni, ban kuma ga laifin kowa ba. Ni ba ɗanki ba ne, ba ɗan ƙauyen ba ne. Ma'aikacin tsara gari ne da aka turo nan jihar Terengganu daga jihar Perak, wanda kika taɓa kunyatawa, ya kuma gode.

Shekara goma sha shida ke nan. A lokacin majalisar gundumarmu tana shirya tsarin shekara ashirin masu zuwa: inda za a gina gidaje, da inda za a kafa masana'antu don matasa su daina guduwa birni. Ni aka ɗora wa zaɓen filin. Na duba fadamar da ke bayan ƙauyenku, na ga shimfiɗaɗɗiya ce, kusa da gari, ba dutsen fasawa, sai na shafa mata launin ruwan ɗorawa. Ban taɓa taka ta da ƙafata ba.

Aka kafe taswirar a zauren taro na wata guda, domin mai ƙorafi ya zo ya faɗa. Mako uku ina zaune daga ni sai fanka. A na huɗu kika shigo da lema a hammata, kina warin hayaƙin murhu.

Kika ce, "Kai ne mai rabon ƙasar?"

Na ce, "A'a Makcik, shawara ce kawai."

"To nuna mini gidana." Na nuna. Kika ɗora yatsa a kan launin. "Wannan fa?"

"Gidaje ne, dubu ɗaya da ɗari biyu."

Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Na mutane ko na kifi?"

Washegari kika sa na zo. Kika kai ni tsohon masallacin katako, kika nuna mini wata dirka da marigayi mijinki, Mamat, yake yi wa tsaga da wuƙa duk shekarar da kogi ya yi ambaliya. Tsaga ta sama ta wuce kaina da kamu biyu. Bayanan da muke da su a ofis na shekara goma sha biyu ne kacal. Dirkar nan tana ɗauke da na arba'in. Sannan kika ce in tuɓe takalmi in shiga filin. Ana tsakiyar rani, amma laka ta haɗiye ni har ƙwauri. Kina tsaye a kan kunya kina dariya: "Takardarka ba ta jiƙa, mai taswira, shi ya sa ba ta sani ba."

Na koma na sake aikin. Na rubuta cewa a bar fadama da shinkafarta, a kai gidajen da masana'antun wata tsohuwar gonar roba da ke kan tudu, kilomita tara daga nan, kusa da babbar hanya. Wurin yana buƙatar titi da bututun ruwa, don haka ba a yi murna da ni ba. Amma abin da na sha a ofis bai kai rabin abin da kika sha a ƙauye ba.

Masu sayen fili sun riga sun fara zagaye, kowane gida ya sa rai. Ranar sauraren jama'a zaure ya cika har waje. Jusoh, ɗan ƙanen mijinki, wanda kika goya da zanenki, ya miƙe ya nuna ki da hannu ya ce, "Ke kin gama cin zamaninki! Mu kuma mu zauna mu ci laka?"

Ba ki ɗaga murya ba. Kika ce, "Jusoh, laka ba ta taɓa kashe kowa a gidanmu ba. Amma ba da bakina za a sayar wa ɗan wani wurin nutsewa ba."

Ina kan teburin manya, rahotona yana gabana, duk abin da kika faɗa yana ciki da alƙaluma. Kalma ɗaya ban furta ba. Na bar tsohuwa ta ɗauki fushin gari ita kaɗai, don ina tsoron shugabana da ke zaune a damana. Ban taɓa ba ki haƙuri a kan wannan ba, ke ma ba ki taɓa tayar da zancen ba. Yau na rubuta shi don a sani.

Bayan wata goma sha huɗu majalisa ta amince da tudu. Daga ranar masu sayen fili suka ɗauke ƙafa, mutanen ƙauye kuma suka ɗauke miki gaisuwa. Rumfar da kike sayar da shinkafar kwakwa da miyar kifi da safe, wadda a da sai an yi layi, ta koma sai ki kwashe rabin tukunya ki ba kaji. Daga baya kika rufe. Ana walima a gidan da ke kallon naki, kina jin ƙarar faranti, ba a aiko miki ba. 'Ya'yanki biyu suna nesa, sun roƙe ki ki koma wurinsu, kika ce wa zai share kabarin Mamat.

A shekarar ne matata ta rasu, ba mu samu haihuwa ba. Wata Juma'a na rasa inda zan sa kaina, na tuƙo mota har ƙofarki. Ba ki tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Kika leƙo kika ce, "Dubi wuyanka kamar na balbela. Hau ka ci abinci." Tun daga nan nake zuwa. Sau da yawa ba ma wata hira. Kina feƙe tsinken kwakwa na tsintsiya, ina kallon shinkafa tana kaɗawa, har a kira la'asar.

Aka gina sabon gari a tudu. Aka buɗe masana'antar kujeru da ta sarrafa kifi. Matasan Alor Temiang suka samu aiki, suka samu gidaje kusa da aikin, suka kwashe matansu da 'ya'yansu. Makarantar ƙauyen ta rufe. Gidajen katako suka yi ta zama kufai ɗaya bayan ɗaya, har ya rage hayaƙi bakwai ke tashi da safe. Wannan ba ya cikin lissafina, Makcik. Wata rana kika ce mini, ba da ɗaci ba, "Ka gani, mai taswira? Na tsare waɗanda ban sani ba, na kori waɗanda na sani."

A damina ta bakwai da amincewar majalisa kogi ya zo kamar yadda kika faɗa. Fadamar nan ta zama teku kwana biyar, ko kan bishiyar ayaba ba a gani. Jusoh ne ya zo da kwalekwale, ya hau ya goyo ki, ya lulluɓe ki da rigarsa, ya kai ki tudu. Kin ce mini tun daga ƙofa har can bai ce uffan ba, ke ma ba ki ce ba. Da na tambaye ki ko hakan ya ishe ki, kika ce, "Bakinsa ne ya yi nauyi. Bayansa ai ya yi magana." Ban da wannan, ba wanda ya zo ya ce kin yi gaskiya.

Watan jiya kika roƙe ni in kai ki sabon garin, ki gan shi ba a cikin ruwa da firgici ba. Muka tsaya a bakin makaranta ana tashi. Kin ƙi fitowa daga mota. Yara ɗaruruwa suna wucewa da jakunkuna, iyaye suna ɗaukarsu a babur, ba wanda ya waiwayo ya dubi tsohuwar da ke leƙe ta gilashi. Kin daɗe kina kallo, sannan kika ce, "Duk waɗannan a busasshen wuri suke kwana?"

Na ce, "Dukkansu, Makcik."

Kika gyara mayafi kika ce, "To madalla. Mai da ni gida."

Ganina da ke na kusa da ƙarshe ke nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Rokiah da ke Kuala Lumpur, da ɗanki Ghani da ke Johor, da jikokinki shida, da sauran gidajen Alor Temiang. Ina yi wa Jusoh ta'aziyya, wanda liman ya ce mini shi ya haƙa kabarin, ya kuma hana kowa karɓar fatanyar daga hannunsa. Ina kuma yi wa mutanen sabon gari ta'aziyya, ko da yake ba su san an yi musu rasuwa ba.

Allah ya jiƙanki, Makcik Sepiah, ya gafarta miki kurakuranki, ya karɓi gaskiyar da kika faɗa lokacin da faɗinta ba ta da riba. Allah ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya ɗebe miki kewa a cikinsa. Ya sada ki da Mamat a Aljannar Firdausi, cikin maƙwabtan da ba sa ƙaura. Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani. Amin.