Mama Ekwutosi da Kabinet ɗin da Ya Daina Jan Iska

Kullum kafin masu shara su gama da barandar asibiti, keke ya sauke Mama Ekwutosi daga unguwar Barunde. A ɗakin gwaje-gwaje take aiki, ɓangaren da ake duba kakin masu tarin tibi, inda ko masinja ba ya son leƙawa. Ba ta zama sai ta duba na'urorinta biyu. Ta farko tukunyar turara kaya ce, mai kashe ƙwayoyin cuta da tururi. Za ta duba ruwa, ta shafa robar murfi, ta sassauta bakin kwalabe don kada su fashe. Duk wanda ya kai hannu zai buɗe tukunyar kafin allurar ma'aunin zafinta ta sauka ƙasa, ranar zai sha faɗa har kunnensa ya yi zafi.

Ta biyu kabinet ne, akwatin gilashi mai zuƙe iska, wanda a cikinsa ake buɗe robobin kaki don kada cutar ta taso wa mai aiki a fuska. Da tsinken turare take gwada shi. Ta kunna, ta riƙe a bakin gilashin. In hayaƙi ya shige ciki, a fara aiki. In ya yo waje, kowa ya ja baya.

Bamanga, abokin aikinta, har yau yana ba da labarin rigimarsu kan fanka lokacin zafin bazara.

"Mama, don Allah ko kaɗan ne a kunna, wallahi mun dahu!"

"Ɗana, fanka tana hargitsa iskar kabinet, ta dawo mana da tari. Gara ka dahu ka koma gida lafiya."

Bara hayaƙin ya fara yo waje. Matatar iskar ta toshe, injiniyan da ke canza ta daga nesa yake zuwa, kuma babu wanda ya kira shi. Mama ta yi ta hawa da sauka a ofisoshi, kowa ya ce za a duba. Da ta matsa, aka ce ta rufe ɓangaren in ta ga dama. Ta leƙa benci, ta ga mutanen ƙauye a jere suna tari, kowa riƙe da robarsa. Ta kasa rufewa.

A lokacin Mairamu, ƙaramar ma'aikaciyarsu, tana da ciki, kuma layin buɗe kaki ya zo kanta. Mama ta tare ƙofa.

"'Yata, koma wajen tukunya. Nan ba naki ba ne yanzu."

"To ke fa, Mama?"

"Ni na tsufa. Ke mutum biyu ce."

Ta buɗe tagogi, ta ɗaura takunkumi, ta ci gaba da aikin ita kaɗai wata da watanni. Tari ya kama ta dab da ritayarta. Bamanga ne ya gwada kakinta ya ga tibi ne, kuma ya ce bai taɓa tsanar aikinsa kamar ranar ba. Da Mairamu ta haihu, Mama ta je suna unguwar Tumfure, ta tsaya a ƙofar gida ta miƙa turmin zane. Ba ta shiga ba, ba ta ɗauki jaririn ba.

Ke ce garkuwar ɗakin gwaji, Mama. Ke ce kika sa ƙirjinki inda ya kamata a sa matata. Mun gode, Allah ya ba ki lafiya. Amma ni da nake aiki a asibitin nan, kunya nake ji da wannan godiya, don bakin da muke yi miki ita da shi, da mun buɗe shi bara, da ba ki kwanta ba.

Ba na cewa kowa ya zauna gaban mataccen kabinet. Abin koyi shi ne nacinta: ku gwada kafin ku fara, ku bar tukunya ta huce, in na'ura ta lalace ku yi ta magana har a gaji da ku. Masu sa hannu a ofisoshi kuma su ji tsoron Allah.

Mama tana gida tana shan magani, ta rame ƙwarai. Da na je gaishe ta, ba ta bari na tambayi jikinta ba, sai cewa ta yi, "An kira injiniyan?" Na sunkuyar da kai. Ranar Litinin hutun haihuwar Mairamu zai ƙare, kuma yanzu babu mai tare mata ƙofa.