Jirgin Kakana Mai Share Nakiya

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Ƙuba, can ƙasa mai tsarki, kakana ya ɗora mini wani aiki da ya fi ƙarfin ilimina.

Tsoho ne tukuf, Bahaushen Sudan. Da ƙuruciyarsa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawa sun ɗauke shi aiki a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, yana zuba gawayi a injin wani ƙaramin jirgin ruwa mai share nakiya. Ya ce jirgin kan ja doguwar waya a cikin ruwa, ta tsinke igiyar da ta riƙe nakiyar, in ta taso sama a harbe ta da bindiga. Sai sun share hanya sannan manyan jirage su wuce. Mu dai a gida dariya muke yi, muna cewa tsufa ne.

Wata rana bayan la'asar ya riƙe hannuna ya ce, "Kai raggo, kullum kana danne-dannen waya. Nemo mini inda jirgina ya ƙare."

"Kaka, mene ne sunansa?"

Ya faɗi wata kalma da ba Hausa ba, ba Larabci ba, kuma na tabbata ko Bature ma ba zai gane ta ba. Lambar da ke jikin jirgin kawai ya riƙe daram.

Ni mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, Turancina bai wuce na jikin kwali ba. Na tafi wurin abokina mai jin Turanci da ke aiki a wani otal a unguwar Anbariyya, muka shiga bincike a intanet. Jirgin farko da muka samo ƙato ne mai manyan bindigogi. Na kai wa Kaka hoton ina taƙama. Ya kalla ya ce, "Wannan ai gidan sarki ne. Namu warin kifi yake yi."

Abokina ya ce, "Halas, ya isa haka, ka ce masa an samu, ya huta." Na ƙi. Na sayi littafi, kullum na tashi daga aiki sai in zauna gabansa ina rubuta tashoshin da suka tsaya: Masawwa, Adan, Suwais. Wata biyar muna haka, har mahaifiyata ta fara ce mini sakataren sojan ruwa.

Maganar kifin ce ta fisshe mu. Ashe jirgin masunta ne aka mayar na yaƙi. Da muka koma jerin irin waɗannan, sai ga lambar, sai ga tashoshin a jere yadda ya faɗa. Bayan yaƙi an mayar da shi kamun kifi, da ya tsufa aka yanka ƙarfensa aka sayar.

Na ji nauyin faɗa masa ƙarshen. Ya gama saurare, sannan ya ce, "Bai nutse ba?"

"Bai nutse ba, Kaka."

"Alhamdu lillahi. A kan gadonsa ya mutu ke nan."

Sunan kwamandoji ne kawai a takardar tarihin jirgin, babu na masu zuba gawayi. Bai damu ba, ni ne abin ya tsaya wa a rai. Kaka ya rasu kafin azumin shekarar.

Abin da na koya shi ne, in tsoho yana maimaita labari, ba lallai ruɗewa ba ce, wataƙila shaida yake nema. Shekara da shekaru yana faɗar gaskiya a tsakar gidanmu, sai da Bature ya rubuta sannan muka yarda. Wannan kunyar har yau ba ta sake ni ba.