Aljihun Baffa Bube

Aljihunan rigar Baffa Bube duk a ɗinke suke. Tun a gindin dutse na lura da haka, lokacin da wata cikinmu ta miƙa masa goro ya rasa inda zai sa shi, ya ɗaga malafarsa ya cusa a ciki. Na duba sosai. Na ƙirji da na gefe biyu, an bi bakin kowanne da baƙin zare, ɗinkin hannu mai manyan taku. Ban ce wa kowa komai ba, don ni ba mai magana ba ce a cikin taro.

Mu goma sha ɗaya ne, 'yan aji ɗaya a jami'a. Bikin wata ƙawarmu ya haɗa mu a Kankia, kashegari Kamilu ya ce bai kamata baƙi su koma ba su ga Dutsen Turmi ba. Shi ya nemo mota, shi ya zauna gaba, shi ya yi ta surutu har muka wuce Kusada muka kama hanyar Boko. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo a kowane gefe.

Garin ɗan ƙarami ne, ya jingina da dutsen kamar yaro da bayan uwarsa. A bakin tsofaffin rijiyoyin marina muka sami Baffa Bube, Bafulatani dogo, siriri, ya haura sittin. Matarsa, Inna Rahamatu, tana ƙarƙashin tsamiya da ƙwaryar fura da nono tana jiran masu saukowa.

A rugar da ke bayan dutsen aka haife shi. Yana yaro awaki yake korawa sama, shi ya sa babu tsagin da bai sani ba. Ya girma ya yi garken shanu. Shekara shida da suka wuce ɓarayin daji suka kore su duka da rana tsaka, suka bar masa saran adda a kafaɗa. Bai bi 'yan uwansa da suka yi ƙaura ba. Ya ce kabarin uwarsa na nan, ba inda za shi. Wata rana wani malamin firamare ya kawo ɗalibai ganin dutse, aka rasa mai nuna musu hanya, aka ce a kira Bube. Daga nan abin ya zama sana'arsa.

Ya iya ta kuwa. Ya nuna mana ragowar ganuwar duwatsu wadda kakannin garin suka jera lokacin yaƙe-yaƙe. Ya shigar da mu kogon da mata da yara ke ɓuya, rufinsa baƙi ƙirin da hayaƙin girkinsu. Ya tsaya kan wani tudun kashin maƙera, inda aka taɓa narka ƙarfe, ya ɗauki guda ya jinjina.

"Kun ga aikin bayina," in ji shi. "Maƙera. Su sha wuta, mu sha nono."

Muka yi dariya. Wasa ne tsakanin Fulani da maƙera, kowa ya sani. Ya ce akwai wani Sadisu, ɗan gidan maƙeran garin, wanda tun yana ɗan yaro yake tare shi a hanya yana cewa, "Bafillace, kawo kuɗin fansarka." Yanzu Sadisun ne shugaban 'yan sa-kai masu gadin gari. Da ya faɗi haka sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce mu ci gaba.

Abin da ba mu sani ba, sai daga baya Inna Rahamatu ta faɗa mini, shi ne a duk yankin babu inda waya ke samun sabis sosai sai ƙolin dutsen. Masu kai wa ɓarayi rahoto can suke hawa su yi kira. Don haka gari ya kafa doka: baƙo na iya hawa da wayarsa ya ɗauki hoto, amma ɗan gari in aka gan shi da waya a sama, ya kuka da kansa. Bube kuwa Bafulatani ne, zarginsa ninki biyu ne. Kullum sai 'yan sa-kai sun laluba aljihunsa kafin ya hau. Ran nan ya gaji, ya ɗauki allura ya rufe su gaba ɗaya. Kuma kwana tara kafin zuwanmu, an kashe ƙanen Sadisu, Abdullatif, a gonarsa.

A ƙoli muka ga turamen da dutsen ya samo sunansa. Ramuka ne santala-santala cikin dutse, fiye da ashirin, inda mata ke daka a zamanin da. Daga nan ana hango kwanukan Kusada suna ƙyalli, da hanyar Kankia kamar zare. Kowa ya fito da waya. Kamilu ya ce sai an yi hoton da kowa zai fito, babu wanda za a bari.

"Baffa, karɓi ka ɗauke mu."

Baffa Bube ya mayar da hannuwansa baya. "A'a, ɗana. Wani cikinku ya ɗauka."

"To shi kuma ya fito ta ina? Nan kawai za ka danna."

"Ban iya ba."

"Haba Baffa, ba ta cizo fa! Saniya mai harbi ma ka tatsa, balle wannan?"

Aka kwashe da dariya. Na ga ya dubi ƙasa wajen gari, ya dubi Kamilu. Mutum ne mai kunyar baƙo, kuma an roƙe shi sau uku a gaban jama'a. Na san wani abu na damunsa, na tuna da aljihunan, amma ban haɗa biyun ba. Ya miƙa hannu ya karɓa.

Mun jeru a cikin wani kwari tsakanin manyan duwatsu biyu. Don mu fito duka, sai da ya ja da baya har gefen dutse. Kamilu na cewa, "Ɗaga sama, Baffa! Ƙara ɗagawa!" Wanda ke ƙasa ba zai gan mu ba. Abin da mai gadin gari ya gani shi ne Bube shi kaɗai a ƙoli, ya ɗaga waya sama kamar mai neman sabis.

Sai muka ji ƙarar bindiga. Sai usur, sai ihu daga cikin gari.

Muka watse. Kowa ya ɗauka ɓarayi ne suka shigo. Kamilu ne a gaba wajen gudu, bai ko waiwayi wayarsa ba. Baffa Bube na binmu yana cewa mu yi a hankali, akwai santsi, wayar na hannunsa ya miƙo ta gaba yana neman mai ita. Ba shi da aljihun da zai sa ta.

A bakin kogo muka yi karo da su. Sun kai talatin, da gorori da adduna da bindigogin gida. Suka ture mu gefe suka wuce kansa. Na gane Sadisu ba tare da an nuna mini ba, ƙato, hannuwansa duk tabon wuta.

"Wa ka kira?" in ji shi.

Baffa Bube ya yi ɗan murmushi. "Maƙeri, ni ne fa, ubangidanka..."

Sadisu ya juya gindin bindiga ya ɗirka masa a baki. Na ji ƙarar haƙora. Kafin ya kai ƙasa gora ta sauka a bayansa, wata a haƙarƙari, wata a ka. Malafarsa ta gangara, goron ya faɗo. Suka kama ƙafafunsa suka ja shi a kan dutse, kansa na bugun kowane tudu, jini na bin hanya. Wasu cikinmu suna ihu cewa hoto ne, hoto ne kawai, amma muryarsu ta nutse a cikin ta mutum talatin.

A bakin marina suka yar da shi. Gari duk ya fito. Wata tsohuwa ta jefe shi da dutse, ya same shi a ido. Wani ya garo tsohuwar taya, wani ya zuƙo fetur daga tankin babur a cikin kwalba.

Sadisu ya ɗora masa wayar a fuska. "Buɗe ta."

"Ban iya ba."

"Buɗe ta mu ga wa ka kira! Su wa suka kashe Abdullatif?"

"Wallahi ban iya ba, Sadisu."

Suka taka hannunsa na hagu a kan bakin rijiyar marina, wani ya sauke gora a kai. Ƙashin ya karye, kowa ya ji. Bai yi ihu ba, sai wani nishi kamar na sa idan an kayar da shi. Bai kuma ce wayar ta baƙo ce ba. Na jira ya faɗa, bai faɗa ba.

Mu an tara mu jikin wata katanga. Wani mai adda ya nuno mu ya ce, "In ta wani ce cikinku, to tare suke, tare za mu ƙona su." Daga nan kowa ya yi tsit. Kamilu ya sunkuyar da kai, ya ɓoye hannunsa na dama a hammata. Da yatsansa wayar ke buɗewa, duk mun sani.

Aka rataya wa Baffa Bube tayar a wuya. Warin fetur ya cika wurin.

Muryata ƙarama ce. Ko ta fita ma babu mai ji. Kusa da ni mata biyu sun rirriƙe Inna Rahamatu tana fizge-fizge. Na matsa na kama zanenta, na ce mata a kunne, "Inna, wayar ta wancan ce, mai jar hula. Hoto ya ce Baffa ya ɗauke mu. Yatsansa ke buɗe ta."

Ta dube ni sau ɗaya. Ta fizge, ta suri ƙwaryar nononta ta kutsa cikin maza, ta rotsa ta a ƙirjin mai riƙe da ashana. Muryar da ta shekara talatin tana talla da ita ta ɗaga.

"Sadisu ɗan Yakubu! Nonon wanga gida ka sha ka girma! Wayar yaron can ce, mai jar hula! Kawo shi ya buɗe, in ƙarya ce ku haɗa da ni ku ƙona!"

Suka finciko Kamilu. Kafin ya iso tsakiya ya sha mari ya kai biyar, hancinsa na zubar da jini. Sadisu ya kama babban yatsansa ya danna a kan wayar kamar zai karya shi. Ta buɗe. Ya ba wani saurayi mai karatu ya duba. Kiran ƙarshe tun safe ne, zuwa ga direbanmu. Sai hoton. Rabinsa sama ce, rabinsa mu goma sha ɗaya, duk an yanke mana ƙafafu, yatsan Baffa Bube ya rufe kusurwa guda.

Wani ya ce, "To tasa fa? Yana da tasa a ɓoye!"

Sadisu ya zaro wuƙa ya durƙusa. Ya kama aljihun ƙirji zai zura hannu, hannun ya ƙi shiga. Ya tsaya yana kallon baƙin zaren. Shi ne fa mai laluben nan kullum, ya san ranar da aka ɗinke su, ya san dalili. Duk da haka ya farke su ɗaya bayan ɗaya. Babu komai ciki sai 'yan ƙwayoyin gero da suka sha wanki.

Ya cire tayar da kansa ya wurgar. Ya ɗauki bindigarsa ya bi hanyar maƙera, sauran suka zame ɗaya-ɗaya, babu mai kallon wani. Tsohuwar da ta yi jifa ita ta kawo ruwa.

Direbanmu ya ce a kai shi asibiti a Kusada, Baffa Bube ya ƙi, ya ce a kira masa mai ɗori. Motarmu ba ta tashi ba sai bayan la'asar, don sai da mai gari ya yi mana tambayoyi. Kamilu ya shige mota ya kifa kai a kan kujera, bai sake fitowa ba. Ni na bi Inna Rahamatu zuwa gida da malafar da na tsinto.

Na same shi a kan tabarma ya jingina da bango. An ɗaure hannun da karare, ido ɗaya ya rufe, leɓɓansa sun kumbura. An cire masa rigar, tana kan cinyarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya yafe mana.

"Ɗiyata, mi kuka yi? Baƙo bai san gari ba. Ni na sani, na amshi wayar." Maganar na fita da ƙyar ta gurbin haƙoran.

Na ce, "Baffa, me ya sa ba ka ce tasa ba ce?"

"Ni na hau da shi. Wanda ka hau da shi, kai za ka sauko da shi." Sai ya tambaya, "Hoton ya yi kyau?"

Na ce ya yi.

Inna Rahamatu ta ce daga yau ya gama da dutsen nan, ko za su ci ƙasa. Bai yi mata musu ba. Ya ce dai akwai 'yan makaranta daga Fakuwa da za su zo bayan girbi, kuma babu wanda ya san hanyar kogo ta gefen da babu santsi.

Sannan ya ce ta miƙo masa allura. Ta yi kamar ba ta ji ba, ya sake faɗa. Ta kawo ta dangwarar. Ya ba ni na zura masa zaren, don idonsa ba ya gani. Ya danne rigar da gwiwa, ya haɗa bakin aljihun ƙirji, ya fara ɗinkewa da hannu ɗaya.