Ranar da Jaki Ya Ci Malafar Yaya Bello

Wata Asabar a daminar 1991, shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi, Baba ya kai ni tashar Gwandu, ya danƙa ni a hannun direban wata akori-kura mai zuwa Kalgo. Aka cusa ni tsakanin buhunan gero da wata tsohuwa mai rungume da zakara. Ni kuwa sai murmushi nake yi, don a zatona na tsira daga noman hutu. Mota na shirin tashi Baba ya leƙo ya ce, "Umaru, karatun hutu za ka yi wurin yayanka Bello. In ka sake zowa na ƙarshe, boko ta ƙare, hauya na nan na jiranka."

Baba yana da hujja. Duk dogon hutu mukan rataye jakar littattafai a ƙusa, mu shiga gona da kiwo da harbin tsuntsaye. Kafin a koma makaranta, ɗan abin da muka koya ya bi ruwan damina. Ni har sunana na taɓa rubutawa ba daidai ba ranar komawa.

Yaya Bello ɗan Gwaggo Hajo ne, ɗalibi a kwalejin horon malamai. Ya tara yaran unguwa a rumfar kara da ke ƙofar gida, dab da turken jakinsu. Allonsa wani tsohon ƙyaure ne da aka shafe da baƙin batir. Noman da na gudo ma ban tsira ba, don da safe fadama muke zuwa cirar ciyawar shinkafa. Bayan azahar mu zube a tabarma, ƙafa duk laka, shi kuma ya fito da farar riga a goge da sabuwar malafa mai adon jar fata, wadda yake ji da ita kamar ransa.

Dokarsa ɗaya ce: wanda ya yi Hausa a rumfar nan zai sha tsallen kwaɗo. Saboda haka muka zama bebaye. Ko wani ya taka maka yatsa, sai dai ka harare shi.

Wata rana ya rataye malafar a jikin dirka, ya juya yana rubutu a allo. Jakin ya miƙo wuya, ya shinshina, ya kama gefenta ya fara tauna cikin natsuwa. Dukanmu muna gani, amma babu wanda ya san jaki da Turanci, balle malafa. Sanda, babban cikinmu, ya ɗaga hannu ya ce, "Sa!" yana nuni da leɓe. Yaya Bello ya ɗauka fitsari yake ji, ya ce ya daure. Da na ga abin ya yi nisa, na tattara duk Turancin da na mallaka, na miƙe na ƙwala, "Gud monin, sa!" Ga shi la'asar ta kusa. Yaya Bello ya ajiye alli, ya tsaya yana koya mana gaisuwar yamma, muna maimaitawa da ƙarfi, idanunmu na kan jaki. Ana cikin haka Gwaggo ta fito zubar da ruwan wanke-wanke, ta ce, "Bello, kai da ɗiyan ga makafi ne? Jaki na cin malafakka!"

Ya waiga, ya tarar saura ƙoƙon kai da igiya. Ya ce, "Don mi ba ku faɗa min ba?" Sanda ya ce, "Kai ka hana mu Hausa." Muka sunkuyar da kai muna jiran hukunci, sai muka ji yana dariya har da riƙe ciki.

Washegari ya soke dokar. Ya zaga da mu gida da fadama, ya nuna abu mu faɗi sunansa da Hausa, ya ba mu na Turanci, mu rubuta a ƙasa da tsinke. Rumbu, turmi, rijiya, kwalekwale. Kafin gero ya nuna na fara haɗa baƙi, ina karanta layi guda ba tare da na yi gumi ba.

Da aka koma makaranta a Gwandu, malaminmu ya tambayi wanda zai karanta shafin farko. Kowa ya shiga duban farcensa. Na ɗaga hannu na karanta, malam ya matso ya leƙa fuskata kamar an musanya ni a hanya. Ƙarshen zango na zo tsakiyar aji. Baba ya ce, "To, gona ta yi rashinka, ko da yake dama ba abin kirki kake tsinana mata ba."

Yanzu 'ya'yana suna zuwa karatun hutu a aji mai fanka da kujeru, suna kukan an cinye musu hutu. Ina sauraronsu, zuciyata na can Kalgo cikin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yaya Bello ya tsufa, idonsa ya raunana, in na je gaishe shi ni nake karanta masa jarida. Har yau yakan tsayar da ni ya gyara mini.