Wanda Ya Hana Kakana Zuwa Kaduna

Jiya a Kebbe nake karanta wa kakata labarin da nake rubutawa kan marigayi mijinta, wanda ya nemi aikin gwamnati a Kaduna lokacin 'yancin kai, ƙarshe ya zauna yana noma.

A ajin rubutu an ce dole jarumi ya gamu da wanda zai sauya masa tunani. Sai na ƙirƙiro wani malamin Tambuwal mai farin gemu da nasiha.

Ta katse ni. "Angona, wane malami? Takardar kiran aikin ta iso kakanka yana gona, na hura wutar tuwo da ita. Har ya rasu, mai kawo wasiƙa shika zagi."

Jama'a, in goge malamin, ko in rufa wa tsohuwa asiri?