Ranar da Manaja Bai Hau Bayan Mota Ba

Ni mai fenti ne. In ka taɓa ganin babbar mota mai jikin katako a hanyoyin Gombe, a shekarun da kuɗin fetur ya fara juya kan mutane, da hoton zaki a ƙofarta wanda ya fi kama da tunkiya mai ciwon haƙori, to aikina ne. Na sha faɗa cewa zakin nan ya taɓa korar 'yan fashi a hanyar Biu, kuma har yau ba wanda ya kawo shaidar ƙarya nake yi.

Kamfaninmu yana wajen tashar jirgin ƙasa. Kada ka ji kamfani ka zaci wani abu ne. Doguwar rumfar kwano ce, da fili, da ƙofar ƙarfe. Jirgi ya kawo mota tsirara, inji da tayoyi da sitiyari kawai, mu kuma mu yi mata jiki. Kafintoci su kafa katako, masu walda su ɗaure, ni in yi mata kwalliya. Audugar ƙauyukan nan a bayan motocinmu take fita.

Wanda ya kafa wurin wani Alhaji ne da iyayensa suka zo fatauci daga Kano. Yana da al'ada ɗaya da ba ya sakewa: mota ba ta barin hannunmu sai an yi mata zagaye. Duk wanda ya sa mata hannu sai ya hau baya. Shi ma Alhaji ya naɗe babbar riga ya hau, ba gaba kusa da direba ba, baya tare da mu. Yana da wurinsa, kusurwar dama. Mu bi ta Jekadafari, mu ratsa Herwagana, mu dawo ta kasuwa. Wai sauraron katako ake yi, ko akwai inda yake kuka. Amma a nan ake gaya masa komai. An kawo katako ɗanye. Akawu yana zagin mutane. Matar wane tana asibiti. Mota tana jijjiga ku duka, kowa ya riƙe abu ɗaya don kada ya faɗi, to a nan bakin talaka yake buɗewa.

Da Alhaji ya rasu, ɗansa ya gaji wurin. Ya ce kada a kira shi Maigida, a ce Manaja. Ya tare a GRA. Lokacin kowa kwangila yake bi, shi ma ya bi. Yau yana Bauchi, gobe yana Legas. In ya zo, sai ya tsaya a bakin ƙofa cikin doguwar baƙar motarsa, ya sauke gilashi daidai faɗin yatsa biyu, akawu ya duƙa ya karɓi umarni. Ni dai hancinsa na fi sani. Da za a haɗa ni da shi a kasuwa, sai ya rufe sauran fuskar kafin in gane shi.

Abubuwa suka fara tsayawa. Katako ya daina zuwa. Motoci masu jikin ƙarfe suka fara shigowa daga kudu, 'yan kasuwa suna tambaya ko za mu iya irinsu. Masu waldarmu suka ce za su iya, a kawo ƙarfe kawai. Akawu ya ce Manaja yana nazari. Damina ta wuce yana nazari. Ciyawa ta fito a filin har ta kai gwiwa. Mutane suka fara zamewa, wasu su tafi leburanci a wajen gini, wasu su koma gona. Mu da muka rage mun san abin da ke tafe, in ba a yi wani abu ba za a kulle ƙofar nan.

Babban kafintanmu wani dattijo ne Batangale da ke zaune a Herwagana. Kowa Baba yake ce masa. Tun ana aiki a gindin bishiya yake tare da Alhaji, shi ya yi wa Manaja motar wasa ta katako yana rarrafe. Ranar Lahadi ce kawai ba ka ganinsa a rumfa. Da wani mai sayen auduga ya kawo mota guda, Baba ya bi fili yana tsintar ragowar katako, ya haɗa mata jiki. Na yi mata zakin da ya fi kowanne ƙiba.

Akawu ya ce a ba mai ita makulli ya tafi. Baba ya sa makullin a aljihu.

"Ba a yi zagaye ba," in ji shi.

"Baba, zagayen me? Wannan ai zamanin marigayi ne."

"To ka gaya wa ɗansa motar tana jiransa."

Dukanmu muka tsaya bayan Baba. Abin da muka yi imani da shi ke nan, kuma ba wasa muke yi ba: in yaron nan ya tsaya a kusurwar ubansa, ya ji katako a tafin hannunsa, muka yi masa magana fuska da fuska, ba zai iya rufe wurin ba. Mun ɗauka sirrin a kusurwar yake.

Ni aka tura GRA, wai tunda bakina ba ya mutuwa. Na same shi a baranda yana shan shayi, ga kare kamar maraƙi a gefensa.

"Ranka ya daɗe, ashe kana da haɓa! Wallahi mun ɗauka daga hanci ka ƙare."

Ya yi dariya, ba zan ci hakkinsa ba. Ya ce, "Kai ne mai zakin nan ko? Me ya faru?"

Na gaya masa. Dariyar ta ɗauke. Ya ce mai mota ya biya, a ba shi abinsa. Na ce, "Yallaɓai, makulli yana aljihun Baba. In kana da ƙarfin hali ka je ka laluba aljihun mutumin da ya goya ka." Ya yi ta juya cokali a cikin shayinsa. Can ya ce gobe da hantsi zai zo.

Washegari muka share fili. Baba ya sa rigarsa ta zuwa coci. Muka shirya wanda zai fara magana da wanda zai biyo. Manaja ya zo kuwa, har ya fito daga mota ya gaida Baba da hannu biyu. Baba ya ajiye masa akwati don ya taka.

"Hau, ɗana. Ga wurin mahaifinka."

Ya dubi bayan motar, ya dubi farar shaddarsa, ya dube mu muna tsaye a sama muna jira.

"Baba, ku yi gaba. Zan biyo ku a baya da tawa."

Baba ya ɗauke akwatin, muka kama hannunsa ya hau.

Muka shiga Jekadafari. Masu shaguna suna ɗaga hannu kamar da, wasu suna cewa ashe kuna nan. Mu kuma duk mun juya baya muna kallon baƙar motar, gilashi a rufe, rana tana dukansa, ko hancin ma ba a gani. Kusurwar dama ba kowa. Mota cike take, ana matse juna, amma ba wanda ya matsa can. Maganar da muka shirya tana bakinmu.

Kafin mu shiga Herwagana, motar Manaja ta sa sigina ta kama hanyar Bauchi. Ya danna ham sau ɗaya.

Direba ya leƙo ya ce, "Baba, mu koma?"

"A'a. A gama mata zagayenta."

Muka ratsa Herwagana, muka wuce ƙofar gidan Baba, jikokinsa suna bin mu da gudu suna kiransa. Bai waiwaya ba. Ya kara kunne a jikin katako yana saurare, kamar yadda aka saba. Da muka dawo ya sauka, ya miƙa wa mai auduga makulli.

"Ba inda take kuka," ya ce. "Allah ya tsare hanya."

Ba a yi sabon wata ba akawu ya tara mu ya ce an ba wani ɗan kwangila hayar rumfar, zai zuba siminti. Baba ya tattara kayan aikinsa. Ya ɗaure zarto da guduma a bayan kekensa, ya tura shi da hannu har ya fita ƙofa. Na bi shi da gwangwanayen fentina, ina neman abin da zan faɗa ya yi dariya, har muka kai mararraba, kowa ya kama hanyar unguwarsu.