Kafin Mabiyiya Ta Faɗo

Jariri na sakin kukan farko, ɗalibata mai koyon aikin ungozoma ta cire safar hannu ta nufi ƙofa, za ta yi wa dangi albishir. Uwar kuwa tana kwance, mabiyiya ba ta faɗo ba.

Na ce, "Ina zuwa?"

Ta ce, "Malama, ai an haihu."

Na ce, "Ɗa ya fito dai. Uwar fa, wa kika bar wa?"

Ta dawo ta tsaya. Can jini ya ɓalle, muka taru a kai, da ƙyar ya tsaya.

Kakar innata ta koyi wannan aiki a Fagada, farkon zuwan Turawa. Ta taɓa rangaɗa guɗa kafin mabiyiya ta faɗo. Tsohuwar da ke koya mata ta hana ta yanke cibiya har damina ta zagayo.

Ni ban hana ɗalibata komai ba. Kujera na ba ta, ta zauna tana lura da matar har aka sallame ta.

Karɓar jariri ba ta da wuyar koyarwa, zama da uwa ne aiki. Ku ungozomomi, wa ya koya muku zaman?